Ranar da Ba Mu Tsaya Ba

Laraba, bayan abincin rana

Mun shiga mako na biyu a taron horon kiɗa na dogon hutu, sai yau na samu sararin yin rubutu. Makarantar ba kowa, ɗalibai duk sun tafi gida, mu kaɗai ke yawo a cikinta kamar 'yan gadi. An tara mu daga wurare daban-daban, kowa da kayan kiɗansa, an raba mu rukuni-rukuni, mu ƙirƙiro sabon abu tare, ba takarda, ba waƙar da aka sani, a ƙarshe mu yi wasa a gaban jama'a. Da na yi wa maigida bayani kafin in taho, cewa ya yi, "Wato za ki bar ni da yara ki je ki koyo yadda ake ɓata sarewa." Bai yi ƙarya ba sosai. Jiya wuni na yi ina hura iska a ciki ba tare da na fitar da sauti ba, aka ce na yi ƙoƙari.

Mai jagorantar rukuninmu wani dattijo ne siriri, mai tsara kiɗa. Malam Kunne ake ce masa, don ba ya cewa ku saurara, sai dai ya ja kunnensa ya tsare ka da ido. Dokarsa ɗaya ce: idan an fara ba a tsayawa. Duk abin da ya faru a ɗakin gwaji kiɗa ne, ka amsa masa da kayanka. Ya sha gwada mu. Wata rana ya ture kujerar ƙarfe muna tsakiyar kiɗa, Mai Ganga ya tsaya, Malam ya ce, "Kujera ta yi magana, kai kuma ka yi mata kunnen ƙashi." Wata rana ya fita ya bar mu, ya dawo da kofin shayi. Jiya kuwa kwanciya ya yi a ƙasa ya rufe ido, wai daga can piyano ke faɗin gaskiya.

Abokiyar ɗakina mawaƙiya ce, 'yar ƙarama mai murya kamar ta mutum uku. Tsuntsuwa muke ce mata. Ko haƙori take gogewa sai ta yi waƙa. Akwai kuma Injiniya, mai ɗaukar sauti, da ke zama a lungu da abin sauraro a kunne, ba ya cewa uffan.

Ni dai yara nake koyarwa a makaranta, na daɗe ban busa don kaina ba. Yau Malam ya ce mini, "Malama, kina busa kamar mai neman izini. Wa kike jira ya ba ki?" Kowa ya yi dariya, har da ni. Amma abin ya tsaya mini a rai.

Juma'a, da yamma

Ba a yi zaman yamma ba.

Asabar, da safe

Bari in rubuta yadda abin ya faru.

Jiya da hantsi muka zauna a da'ira kamar kullum. Fanka tana juyawa, tagogi a buɗe. Malam yana kan kujerarsa ta roba, kofin shayinsa a hannu. Ni ce mafi kusa da shi. Ya ɗaga yatsa, muka fara. Mai Ganga yana goga tafin hannu a kan fata, mai piyano tana taɓa wayoyin ciki da cokali, Tsuntsuwa tana jan numfashi mai tsawo. Na shiga. Ban san abin da ya same ni ba, amma ban jira kowa ba. Sautin da ya fito ban taɓa jin irinsa daga gare ni ba. Na ji sauran sun biyo ni. Ni aka bi.

Sai kofin ya faɗi, ya yi ta gangarawa a kan siminti. Malam ya zame daga kujera a hankali, ya kwanta a gefensa.

Muka ci gaba.

Ban san tsawon lokacin ba. Tsuntsuwa tana da ɗabi'ar tashi ta zagaya ɗaki tana waƙa. Ta zagayo ta wajensa, ta sunkuya, sai muryarta ta yanke kamar an kashe rediyo. Ta ce, "Ku tsaya." Ba wanda ya tsaya. Ta sake faɗa, ta riƙe hannun Mai Ganga.

Bakinsa ya karkace. Idonsa a buɗe. Yana kallonmu.

Motar asibiti ta zo, suka ɗauke shi, shugabar shirin horon ta bi su. Takalminsa ɗaya yana nan ƙarƙashin kujera, ba wanda ya iya taɓa shi.

Asabar, da la'asar

Shugabar shirin ta kira daga asibiti. Shanyewar ɓarin jiki ce. Likita yana so ya san daidai lokacin da abin ya fara, wai irin maganin da za a ba shi ya dogara da hakan. Muka tsaya a baranda muna kallon juna. Wani ya ce ba a daɗe ba. Wata ta ce an ɗan daɗe. Sai Injiniya ya ce, "Na'ura tana ɗauka a lokacin. Zan iya dubawa."

Ya shiga, ya fito, ya karɓi wayar. Na bar barandar kafin ya faɗa. Na shiga banɗaki na buɗe famfo.

Lahadi, da rana

Maigida ya kira. Ƙaramar 'yarmu ta ƙone yatsa da dutsen guga, ba sosai ba. Babban ya ƙi yin aski. Ya ce, "Ya kiɗan? An fara jin daɗinsa ko har yanzu iska ce?" Na ce lafiya lau. Ya ce muryata ta yi wani iri. Na ce mura ce.

Na wanke sarewar, na shanya ta, na sake wankewa.

Litinin, da hantsi

An tara mu a ɗakin cin abinci. Shugabar shirin ta ce Malam yana nan da rai, bai farfaɗo sosai ba, 'yarsa ta iso tana tare da shi. Ta ce ba laifin kowa ba ne. Sau uku ta faɗa, ba wanda ya tambaye ta. Ta ce za a ci gaba da horon, za a kawo mana wani malami, wasan rufe taro yana nan yadda aka tsara, "don haka Malam zai so."

Tsuntsuwa ta ce, "Kin tambaye shi?"

 Burodin da ke gabana na yi ta mulmulawa har ya koma kamar ƙullu.

An ɗauke takalmin. Ban san wa ya ɗauka ba.

Talata, bayan zaman safe

Sabon malamin ya zo, matashi ne mai fara'a, ya ce shi ma almajirin Malam Kunne ne a da. Ya sa aka canza mana ɗaki. Ya ce mu fara a hankali.

Muka fara. Iska ta buga ƙofa, kowa ya tsaya. Muka sake farawa. Mai piyano ta yi tari, kowa ya tsaya, duk muka juya muna dubanta har ta ce, "Lafiyata ƙalau, tari ne kawai." A karo na uku, malamin ya sunkuya zai ɗaure igiyar takalminsa, Mai Ganga ya miƙe tsaye har kujerarsa ta faɗi.

Malamin ya ce mu je mu sha iska.

Ni ban ma kai sarewar bakina ba. Na riƙe ta dai, ina motsa yatsu.

Laraba, da safe

Tsuntsuwa ta goge haƙori shiru.

Laraba, da yamma

An yi rigima a ƙarƙashin bishiyar da ke bayan ɗakin kwana. Injiniya ne ya taso da maganar. Ya ce abin da aka ɗauka ran Juma'a yana nan cikin na'urarsa, ba ya so ya riƙe shi shi kaɗai, mu faɗi yadda za a yi. Mai piyano ta ce a goge yanzu-yanzu. Wani ya ce ba namu ba ne da za mu goge. Mai Ganga ya ce, "Ku daina yi kamar mun kashe mutum. Shi ya koya mana. Shi ya kwanta a ƙasa ran Talata, ko ba shi ba? Da na tsaya saboda kujera, a gabanku ya wulaƙanta ni."

Tsuntsuwa ta ce, "Ba wanda ya ce ka kashe kowa."

Ya ce, "Ni bayansa kawai nake gani daga inda nake. Ku tambayi waɗanda ke ganin fuskarsa."

Bai dube ni ba. Ba wanda ya dube ni. Sun yi ƙoƙari sosai wajen ƙin dubana.

Ni ce mafi kusa da shi. Kowa ya san wannan, ba wani sirri ba ne. Inda aka zaunar da ni ke nan tun ranar farko.

Alhamis, da hantsi

Mai Ganga ya tafi. Da sassafe ya haɗa kayansa, bai yi sallama da kowa ba. Ya manta da tawul ɗinsa a kan igiya.

Na tambayi Injiniya ko ya saurari abin. Ya ce sau ɗaya, ranar da likita ya tambaya. Na ce, "Yaya yake?" Ya daɗe yana naɗe waya a gwiwar hannunsa, sannan ya ce, "Malama, kada ki sa in faɗa." Na ce ya faɗa. Ya ce, "Duk abin da na ɗauka tun da na fara aikin nan, ba wanda ya kai shi kyau."

Na koma ɗaki na kulle ƙofa.

Juma'a, da rana

Mako guda.

Na zauna a kan gado na tsara yadda zan gaya wa maigida. Na kira. Yana kasuwa da yaran, ana ta hayaniya, ya ce in faɗa masa wane irin sabulu nake saya. Na faɗa masa.

Asabar, da la'asar

'Yar Malam ta zo makarantar. Babbar mace ce, ta girme ni, da tabarau da makullin mota a hannu. Fuskarsa ce sak, har yadda take karkata kai. Ta zo kwashe kayansa daga ɗakin baƙi, sai ta ce tana so ta ga waɗanda ke wurin.

Muka taru a tsohon ɗakin gwajin. Muka yi mata ya mai jiki. Ta ce da sauƙi, ya buɗe ido, yana gane mutane, ɓarin dama ne ba ya motsi. Ta dubi inda kujerarsa take, ta ce, "Tun muna yara haka yake. Sai ka shigo falo ka tarar da shi a kwance a ƙasa yana sauraron firji. Mamanmu tsallake shi take yi." Mai piyano ta fashe da kuka.

Sai ta ce, "An ce an ɗauka a na'ura. Ina so in ji."

Shugabar shirin ta ce wataƙila ba yanzu ba. Ta ce, "Yanzu."

Injiniya ya haɗa lasifika. Wasu suka fita. Ni na kasa tashi.

Na ji fanka. Na ji tafin Mai Ganga a kan fata. Na ji kaina na shiga. Sai kofin: ya faɗi, ya gangara, ya yi ta juyawa a kan bakinsa kafin ya tsaya. Kuma nan take sarewa ta kwaikwayi wannan juyawar, sauti yana zagayawa yana ƙanƙancewa har ya mutu. Daidai da daidai. Na manta na yi haka. Wallahi na manta.

Daga nan sai wani sauti a ƙasa-ƙasa, kamar mutum yana jan numfashi ta hanci. Mun amsa masa shi ma. Dukkanmu.

Ta saurara har inda Tsuntsuwa ta ce ku tsaya. Ta ɗaga hannu, Injiniya ya kashe.

Ta ce, "Wa ke da sarewa?"

Na ce, "Ni ce, Yaya."

Ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce, "Kin ji kofin."

Na ce, "Na ji."

Na jira tambaya ta biyu. Ba ta yi ba. Ta juya wajen Injiniya ta ce ya ba ta kwafin abin da aka ɗauka, ya goge na wajensa a gabanta, ba ta so wata rana ta ji numfashin mahaifinta a wani wuri. Ya yi yadda ta ce. Ta ɗauki jakar Malam ta fita, ta ƙi bari a riƙe mata.

Lahadi, da safe

Ba ta yi tambayar ba.

Litinin, bayan abincin rana

Rukuninmu ya janye daga wasan rufe taro. Sabon malamin bai ja ba. Ya ce duk mai so ya shiga wani rukunin. Mutum biyu sun shiga. Ban ga laifinsu ba.

Da muka koma ɗaki Tsuntsuwa ta zauna a bakin gadona. Ta ce, "Anti, ni fa da na tashi ina zagayawa, ba don in duba shi na tashi ba. So nake in yi waƙa kusa da kunnensa, ya ji ni sosai, ya yaba." Ta ce kowa yana ta gode mata, ita kuma kamar ta nutse.

Na ce mata ai ita ce ta tsayar da mu, kuma shi ke nan. Na riƙe hannunta. Ta jira in faɗi nawa. Na ce bari in ɗebo mana ruwa.

Talata

Ran Talatar da ya kwanta da gangan, fuskarsa a sake take, kamar mai barci. Ran Juma'a ba haka take ba. Wanda yake kusa zai iya bambancewa.

Alhamis, da yamma

An yi wasan. Jama'a sun zo, an cika kujeru, an yi tafi. An ambaci sunan Malam, aka yi masa addu'a. Wani rukuni ya yi kiɗa da bokitai da ruwa, ya yi kyau ƙwarai. Ni idona yana kan wani tsoho a layin gaba da ya sunkuyar da kai. Na yi ta kallon kafaɗarsa in ga ko tana motsi. Daga baya na gane takardar shiri yake karantawa.

Bayan an tashi shugabar shirin ta ja ni gefe. 'Yar Malam ta kira. Ta ce idan mai sarewa tana so, ta biyo ta asibiti gobe kafin ta wuce.

Juma'a, da la'asar, a cikin mota

Na je.

Ta tare ni a bakin ɗakin. Ta rame. Ta ce, "Kafin ki shiga, ki sani kalma ɗaya ta rage masa. 'To' kawai yake cewa. Ka ba shi ruwa, to. Ka tambaye shi ko yana jin zafi, to. Jiya nas ta soka masa allura, ya ce to. Kada ki ɗauke ta a bakin komai."

Na ce, "Yaya, likita ya ce da an kawo shi da wuri..."

Ta ce, "Na tambaya. Ɗaya ya ce wataƙila, ɗaya ya ce ba lallai ba. Na daina tambaya." Ta buɗe mini ƙofa, ita ta tsaya a waje.

Ya ƙanƙance a cikin gadon. An yi masa aski, an sa masa riga mai igiya a baya. Hannun dama yana kan matashi kamar ba nasa ba. Da ya gan ni idonsa ya tsaya. Ya gane ni, wannan ba ni da shakka.

Na durƙusa a gefen gadon na gaishe shi. Ya ce, "To."

Na ce, "Malam, na ga bakinka. Tun kafin ka kai ƙasa na gani. Wani abu a raina ya ce wannan ba gwaji ba ne. Na rufe ido na ci gaba, don ban taɓa busa irin wannan ba, ban so ya ƙare."

Ban taɓa faɗin wannan ba, ko a nan ban rubuta ba.

Ya daɗe yana kallona. Leɓensa yana ta motsi, yana neman wani abu, jijiyar wuyansa ta tashi. Na ga yana kokawa. Abin da ya fito shi ne, "To."

Sai ya miƙo hannun hagu ya kama wuyan hannuna. Ban san yana da wannan ƙarfin ba. Ya matse har na ji zafi. Ban san ko riƙe ni yake yi ko hukunta ni ba. Na dubi fuskarsa in gane, rabinta ba ta cewa komai, ɗaya rabin kuma hawaye ne kawai. Muka zauna haka har nas ta shigo da magani. Ita ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, tana cewa, "Baba, saki baƙuwa, za ta rasa mota."

A waje 'yarsa ta dubi wuyan hannuna, ta ga shatin. Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya." Na ce amin, Allah ya ƙara sauƙi.

Motar ta cika, wata mata tana barci a kafaɗata. Shatin ya fara yin baƙi.

Asabar, da safe, a gida

Maigida ya zo tasha shi kaɗai, ya bar yaran wajen ƙanwarsa. Ya sa jakata a baya, ya tayar da mota, yana ba ni labarin famfon kicin da ya lalace. Da zan ɗaura bel sai hannun rigata ya zame. Idonsa ya sauka a kan shatin.

Ya ce, "Wa ya yi miki wannan?"

Na ce, "Malaminmu. Ba shi da lafiya. Tun makonni biyu da suka wuce."

"Kika ce mini mura."

Na ce, "Na ce."

Masu motoci a bayanmu suna ta danna hon. Ya leƙa ya yi musu alama su zagaye. Ya kashe motar, ya zare makulli ya ajiye a cinyarsa, ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ni.

Ya ce, "Yaran ba sa jiranmu sai yamma. Faro mini daga farko."